Ɗankwalin da Adda Rifkatu ta ƙi kwancewa

Shekara ashirin da biyar ke nan a wannan watan da muka raka Adda Rifkatu makwancinta. Sai da na ƙirga da yatsu sau biyu kafin na rubuta wannan adadin, domin na san da tana nan da ta karɓe takardar ta sake ƙirgawa da kanta. Ba ta taɓa yarda da lambar da ta fito daga bakina ba, kuma ban ga laifinta ba. Ni mace ce da za ta ce mutum ɗari ne suka zo biki alhali ba su kai sittin ba.

Ba mu haɗa jini ba. Ita 'yar Mumuye ce, Kirista, gidanta na unguwar Abbare a Jalingo. Ni Bafillatana ce, haihuwar unguwar Sintali, sunana Hadiza amma kowa Dija yake ce mini. Aiki ne ya haɗa mu a ofishin lafiya, a shekarun nan da aka ba mu jiha, Jalingo ta wayi gari ta ga kanta babban birni ba ta shirya ba: ofis a gidan haya, kujera ɗaya mutum uku na jiranta. Ni ina cikin masu fita ƙauyuka. Ita kuwa ita ce mai ƙididdiga, duk takardar da muka cike a daji a teburinta take ƙarewa. Ta girme ni da wajen shekara goma, shi ya sa nake ce mata Adda, yadda muke kiran yaya mace a gidanmu. Ita kuma "kai" take ce wa kowa, mace ko namiji. Na yi shekara guda ina yi mata gyara, na gaji na bari.

Abu biyu aka san ta da su a ofis. Na farko wani ɗan ƙaramin injin lissafi ne mai aiki da hasken rana, wanda take ajiyewa a bakin taga kamar ta shanya barkono. Na biyu ɗankwali ne da take naɗawa a wuya kullum, har a watan da zafin Jalingo ke sa mutum ya tsani rigar jikinsa. Mun tsokane ta har mun gaji. Mukan ce Adda kaɗai ke jin wani sanyi da gwamnati ba ta sanar ba. Sai ta yi dariya ta ce mu bar ta da gayunta.

'Yan bana-bakwai da za su karanta wannan shafi, da yawansu ba su taɓa ganin maƙoƙo ido da ido ba, kuma wannan kaɗai ya ishe ni farin ciki. A zamaninmu, ka shiga kasuwar ƙauye ranar da take ci, ba za ka rasa mata masu kumburi a gaban wuya ba, na wata kamar lemo, na wata har ya kai ƙaramar ƙwarya. Rashin sinadarin aidin a abinci ke kawo shi, kuma kumburin ba shi ne babbar masifar ba. Mace mai wannan rashin takan yi ɓari, ko ta haifi yaron da ƙwaƙwalwarsa ba ta cika ba. Lokacin gishiri mai aidin bai gama shiga ƙauyuka ba, don haka aka kawo wasu ƙwayoyin magani na mai, a ba mata masu haihuwa kafin gishirin ya iso. Maganin ba shi da yawa. Aka ce inda cutar ta fi yawa nan za a kai shi, sai aka tura mu mu dubo.

Dubawar a faɗe ba ta da wahala. Mace ta zauna, ta sauke mayafi, ka sa manyan yatsunka a gaban wuyanta, ka ce ta haɗiye yawu. Mataki uku ne a takarda. In ba ka ji komai ba, ka rubuta sifili, wato babu. In hannu ya ji amma ido bai gani ba, ka rubuta ɗaya. In ana gani tun kafin a taɓa, biyu ke nan. Kwana uku aka yi ana koya mana, muka gwada a wuyan 'yan firamare, aka ce mun iya.

Aka raba ƙauyukan kewayen garin Mutum Biyu tsakanina da Malam Hammanjoda. Shi dattijo ne a aikin, tun ina makaranta yake yi wa mutane allurar rigakafi, mutum mai kamun kai da ba a taɓa jin muryarsa a sama ba. Ni kuwa shekarata ta uku ke nan da fara aiki, ga baki, ga saurin fushi. Bayan mako biyu muka dawo. Takarduna cike da ɗaya da biyu, nasa kuwa sifili ne daga sama har ƙasa, sai dai jefi-jefi. Ƙauyukan nan maƙwabtan juna ne, rogo ɗaya suke ci, rafi ɗaya suke sha, a kasuwa ɗaya suke sayen gishiri. Dole ɗayanmu ya yi kuskure, kuma ba sai na gaya muku wanda ofis ya zarga ba.

Shugaban sashenmu, wanda muke ce wa Oga, ba mugu ba ne, mai son a gama magana da wuri ne kawai. Ya ce za a yi gwaji. Akwai wani likita baƙo da aka turo duba aikin. Za a tara mata hamsin a wani ƙaramin asibitin unguwa, likitan ya duba su, Malam ya duba, ni ma in duba, kowa a ɗakinsa, ba mai ganin abin da wani ya rubuta. Wanda amsarsa ta fi dacewa da ta likita, takardunsa za a karɓa, na ɗayan a zuba a kwandon shara. Kowa ya san abin da hakan ke nufi. In nawa aka zubar, an rubuta ke nan cewa matan kewayen Mutum Biyu lafiyarsu ƙalau, maganin ya wuce wani wuri. Ni kuwa na taɓa wuyan matan nan da hannuna. Na san wata a cikinsu da ta yi ɓari huɗu a jere, mijinta na ta yanka wa bokaye kaji.

Ranar Alhamis aka yi gwajin. Kafin azahar wasu mata suka gaji da jira suka tafi ɗora tukunya, adadi ya ƙi cika, Oga ya ce duk ma'aikaciyar da ke wurin ta shiga layi. Haka Adda Rifkatu ta karɓi lamba ta shigo ɗakina. Na fara yi mata wasa, na ce yau dai sai an kwance ɗankwalin gayu. Ba ta yi dariya ba. Ta tura ƙofa, ta kwance shi da kanta, ta ɗora a cinya. Ga shi nan a fili, ta ɓangaren dama, ya kai girman ƙwan agwagwa. Shekara uku muna cin abinci a kwano ɗaya ban sani ba, ni da aikina shi ne duba wuyan mutane. Kunya ta rufe ni, na tuna duk tsokanar da na yi mata. Ta ce, "Yi aikinka, Dija. Taɓa." Na taɓa, ta haɗiye yawu, na rubuta biyu.

Washegari Oga ya ƙirga da kansa. Ya jera takardu ya duba mace nawa ce amsata ta zo ɗaya da ta likita, mace nawa ce ta Malam ta zo ɗaya. Malam ya fi ni. Ba da yawa ba, amma ya fi ni. Oga ya ce magana ta ƙare, Litinin za a rubuta rahoto, ya miƙa wa Adda takardun ta shirya.

Asabar da hantsi na isa Abbare raina a ɓace. Na same ta a gindin mangwaron tsakar gidanta, ta baza takardun gwajin a tabarma ta danne su da duwatsu. Kafin in gama gaisuwa na tambaye ta abin da Malam ya rubuta a lambarta. Ta nuna mini da yatsa: sifili. Ta ce bai ce ta kwance komai ba. Ya gaishe ta, ya tambayi yara, ya tambaye ta ko tana jin ciwo a maƙogwaro, idonsa na kan takarda har ta fita.

Nan take na gane, kuma na yi mamakin yadda ban gane tun a daji ba, ni da na tashi a gida irin nasa. Malam Hammanjoda ba zai taɓa ce wa matar wani ta sauke mayafi ba, balle ya ɗora yatsu a wuyanta. Wajen Mutum Biyu ma abin ya fi tsanani, domin can ya yi aure, rabin matan ƙauyukan surukansa ne ta wata hanyar. Tambaya yake yi, su kuma su ce ba sa jin ciwo, tun da ƙaramin maƙoƙo ba ya ciwo. Ba ha'inci ya yi niyya ba. Kunya ce irin wadda aka raine mu da ita, wadda ke hana uwa kiran sunan ɗanta na fari. Waɗanda suka tsara aikin daga nesa ba su yi tunaninta ba. Mu da muka san ta kuwa ba wanda ya tuna, tun da a wuyan yara muka koya.

Na ce to an gama. Litinin ta shiga ofishin Oga ta kwance ɗankwali, ta ajiye takardar Malam a gefe, kowa ya gani da idonsa. Ta ce ba za ta yi ba. Na zaci kunyar wuyanta take ji, har na hau ta da faɗa, na ce ashe kunyar mutum biyu za ta hana matan ƙauyuka magani. Ta bar ni na gama tas.

"Kai Dija, wuyan mutum ɗaya ba hujja ba ne," in ji ta. "Oga zai ce kuskure ɗaya ne, kowa yana yi. Kuma ka tozarta tsoho a gaban yara. Gobe in an sake gwaji, Rifkatu ba ya cikin layi, wa zai kwance ɗankwali? Zauna ka ga abu."

Ta ɗauki tsinke ta zana a ƙasa, gida uku a tsaye, uku a kwance, gida tara kamar ramukan dara. Amsar likita a gefe, amsar wanda ake gwadawa a sama. Ta ɗebo masara, kowace ƙwaya mace ɗaya, tana duba takarda tana jefa ta a gidanta. Gidaje ukun da suka ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa su ne inda aka dace: sifili da sifili, ɗaya da ɗaya, biyu da biyu. Su kaɗai Oga ya ƙirga. Sai ta ce in ɗauka mata goma ne, tara lafiyarsu lau, ɗaya ce mai maƙoƙo. A kira wani da bai ko leƙa ɗakin ba ya rubuta babu sau goma. Sau nawa zai dace da likita? Na ce tara. Ta ce to an ba shi tara cikin goma, alhali macen da aka fito nema ita ce bai gani ba. Ban taɓa jin an yi mini bayanin da ya shige ni haka ba, ko a makaranta.

Maganin wannan, in ji ta, wani lissafi ne da ta koyo a wani kwas da aka tura ta, ana ce masa kappa, sunan wani harafi ne na Girkawa. Ka fara duba yawan yadda kowanne cikin mutanen biyu ke rubuta kowace amsa, daga nan ka fitar da dacewar da za a samu ko da sa'a ce kawai ke aiki. Ka cire wannan rabon sa'a daga dacewar da aka samu. Ka cire shi kuma daga cikakkiyar dacewa, wadda za a samu da ba a saɓa ko sau ɗaya ba. Sai ka raba na farko da na biyu. In amsar ta zo ɗaya, bakinsu ɗaya a kan kowace mace. In ta zo sifili, wanda ake gwadawa bai fi wanda ya zauna a gida ya cike takarda ba. Wannan shi ne kappa zalla, wanda a wurinsa kuskure kuskure ne, babba ko ƙarami.

Har na fara murna, sai ta share ƙasa ta zuba masarata. Ta nuna mini wani gida da ya tara ƙwayoyi, inda likita ya ce babu ni kuma na ce ɗaya. Ta ce, "Hannunka yana da nauyi, Dija. Kana jin maƙoƙo inda babu. Ban buga naka ba tukuna, amma in ya kayar da kai, zan faɗa." Akwai kappa na biyu, in ji ta, mai nauyi, wanda ke bambanta ƙaramin kuskure da babba. Shi kuwa ba za ta taɓa shi ba sai wani ya yanke nauyin kowane kuskure da bakinsa, domin in ita ta yanke, za a ce ta auna don ƙawarta. Na tashi ban ko sha kunun da ta dama mini ba. Lahadi ma ban leƙa ta ba, kuma har yau ina jin haushin kaina a kan wannan.

Litinin da safe ta roƙi Oga minti goma kafin a rubuta rahoto. Mu biyar ne a ɗakin: Oga, likita, Malam, ita da ni. Ba ta buɗe takarda ko ɗaya ba, sai da ta yi tambaya. Wanda ya kauce da mataki ɗaya da wanda ya tsallake mataki biyu, kuskurensu ɗaya ne? Likita ya ce ina, tsakanin sifili da ɗaya ko likitoci kan saɓa, amma wanda ya kira biyu sifili bai duba ba. Ta ce to in ƙaramin kuskure maki ɗaya ne, babban nawa ne? Likita ya ce wasu kan ƙirga shi biyu, wasu huɗu. Oga, da yake so a gama, ya ce huɗu. Ta miƙa masa biro ta ce ya rubuta ya sa hannu. Ya harare ta, amma ya rubuta.

Sai ta kwance bakin leda ta zazzage masara a kan teburin Oga. Ya ce, "Madam, nan ba kasuwa ba ce." Ko a jikinta. Ta zana gida tara a farar takarda sau biyu, ta zuba ta Malam, ta zuba tawa. Tun kafin a buga komai likita ya gyara zama, domin masarar Malam kusan duka a layi ɗaya ta tsaya, layin babu. Ta kunna injin lissafinta ya ƙi kamawa, ɗakin ba haske. Haka muka zauna muna kallonta ta kai shi bakin taga, tana dannawa a hankali kamar ba rayuwar kowa a ciki. Ta dawo ta faɗi kappa zalla. Na Malam bai yi nisa da sifili ba. Nawa ya tsaya a tsakiya, bai faɗi ba, bai kuma kai inda likita ya ce ana yarda da mai dubawa ba.

Oga ya ce ashe mu biyun ba wanda ya ci, a zubar da duka, a sake aikin bayan damina. Alhali a watan nan za a raba maganin, bayan damina ba abin da zai rage. Adda ta tura masa takardar da ya sa wa hannu. Ta nuna cewa duk masarata da ta kauce, gidan maƙwabta ta faɗa, ba ƙwaya ɗaya a kusurwoyin nesa. A ta Malam kuwa ga ƙwaya biyu zaune can a kusurwa, inda likita ya ce biyu shi ya ce babu. Ban da ita kanta, ni kaɗai a ɗakin na san cewa ɗaya daga cikin ƙwayoyin nan ita ce, domin likitan bai riƙe fuskoki ba. Ta taɓa ta da yatsa yadda ta taɓa sauran, ta ƙirga ta huɗu, ta wuce. Ta koma bakin taga. Da ta dawo, kappa mai nauyi na Malam na nan ƙasa inda yake, nawa kuwa ya haura ya wuce layin likita. Likita ya karɓi biro ya sake bugawa da hannu, ya ɗago ya ce haka ne.

Ba wanda ya ambaci kunya a ɗakin nan. Malam Hammanjoda ne da kansa ya buɗe baki. Ya ce, "Oga, a karɓi na yarinyar nan. Ban taɓa su ba. Ba zan iya ba." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma ban taɓa ganin girmansa kamar a wannan lokacin ba. Da muka fito ya tsaya a gaban Adda ya ce mata, "Useko, Madam," wato na gode da Fulatanci, ya wuce masallaci. Ni kuwa na rungume ta a baranda ina kuka ina dariya, tana ture ni tana cewa zan zubar mata da masara.

A makon aka karɓi takarduna, aka kuma yanke cewa daga yanzu mata ne za su duba mata. Aka tura ni kwana biyar wurin likita a sassauta mini hannu, kuma shawarar Adda ce, ba ta ɓoye mini ba. Muka koma ƙauyukan da Malam ya zagaya muka sake dubawa, shi ne ma jagoranmu. Nan na ga abin da ba ni da shi. Magidantan da suka hana ni ganin matansu, Malam na zama da su a zaure ya yi musu magana, sai ka ga an fito da mata layi. Maganin ya isa kewayen Mutum Biyu kafin ruwa ya yanke hanya. Matar nan mai ɓari huɗu, bayan shekara biyu na gan ta a kasuwa da goyo. Na zo da gudu na gaya wa Adda cewa maganinmu ne. Ta yi murna har ta tafa, sannan ta tuna mini cewa mace ɗaya ba hujja ba ce.

Shekaru kaɗan ta yi bayan wannan. Ba maƙoƙon ne ya ɗauke ta ba, wata gajeriyar rashin lafiya ce, kwana tara a kwance. Kafin nan ta riga ta sa gida tara ya zama doka a sashenmu. Duk sabon ma'aikacin da zai duba wuya ko ido ko ya auna rama a jikin yaro, sai an zuba masa masara tukuna, kuma sai an rubuta nauyin kuskure an sa hannu kafin a buɗe takarda. Har na yi ritaya ana ce wa gwajin "masarar Madam", kuma yaran da ke faɗin haka ba su san wace Madam ba ce. Malam ya yi kwana uku yana zuwa zaman makoki a Abbare. Ranar ƙarshe ya kira ni gefe ya ce tun a ɗakin Oga ya tuna cewa ta shigo layinsa, daga baya kuma ya gane wace ce ƙwayar da ke kusurwa. Ya ce ta rufa masa asiri alhali tana da damar tona shi da hannu ɗaya. Shi ma ya riga mu gidan gaskiya yanzu, Allah ya jiƙansa.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Wata 'yar ƙanina da ke jami'a ta nuna mini yadda ake zuba lambobi a kwamfuta, kafin ka ƙifta ido ta fitar da kappa iri biyun har da ƙari. Na tabbata Adda za ta yi murna, don ba sauran zuwa bakin taga. Amma na san tambayar da za ta biyo baya: wa ya yanke nauyin, kuma kafin a ga amsa ya yanke ko bayan an gani? Da na tambayi yarinyar, ta ce haka kwamfutar ta zo da shi. Sai kuma waya, wadda ta sa mutum dubu kan yarda da magana ɗaya kafin a sauke tukunyar rana. Ni kaina ina cikin masu turawa. Wani lokaci yatsana na kan hanya sai in ji muryarta tana tambaya ko cikin dubun nan akwai wanda ya taɓa abin da hannunsa, sai in ajiye wayar ina gunaguni, kamar yadda na saba yi mata tana raye.

Ba ta bar gida mai bene ba, ba titin da aka sa wa sunanta, kuma na san ba za a sa ba. Injin lissafin yana wurin 'yarta, ya daina aiki tuntuni. Ɗankwalin da shi aka rufe ta, don haka ta ce a yi. Abin da na san ya rage shi ne matan da suka haihu lafiya a ƙauyukan da ba su taɓa jin sunanta ba, da wani dattijo da ya gama aikinsa da mutuncinsa, da ni, da ta koya mini cewa ana iya kare mutum ba tare da an yi masa ƙarya ba.

Kirsimetin da ya wuce aka yi bikin jikarta, wadda aka haifa 'yan watanni bayan rasuwarta aka mayar mata da sunan. Ni ba na iya kiranta Rifkatu gatsau, Adda ƙarama nake ce mata, ita kuma ta ce mini tsohuwar Sintali. Uwarta ta ce ni zan ɗaura mata sarƙa. Na tsaya a gabanta, ga wuya a buɗe, dogo, sumul, ba abin da za a ɓoye. Ban san lokacin da manyan yatsuna suka hau gaban wuyan nan ba. Na ce ta haɗiye yawu. Ta ce, "Kaka, yau ma aikin ne?" Ƙawayenta suka fashe da dariya, amma ta haɗiye. Na bi a hankali, dama da hagu, da hannun da kakarta ta sa aka sassauta mini. Sifili ne. Na taɓa kafin na faɗa, Adda. Babu.